Ambulan ɗin asibitinmu bata yawan fita, shin sai ta cika kilomita za'a kaita sabis?

Sista_Karkara:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema wajen direbobin asibiti da kanikawa da duk wanda ya san harkar mota. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kwanan nan aka bani riƙon wani ƙaramin asibiti a karkara, cikin kayan da aka damƙa min harda ambulan Toyota Hiace mai shan gas, wani ɗan siyasa ne ya bada ita shekarun baya. A ido dai lafiyarta ƙalau, ko fentin bai dushe ba, kilomitar ma bata da yawa saboda ba kullum take fita ba, wani lokacin sai tayi sati tana ajiye ƙarƙashin darbejiya ba wanda ya taɓa ta. Abinda ke damuna shine duk ranar da ake buƙatarta ranar take kawo matsala, ko batir ya sauka sai an nemo samari sun tura, ko a tarar taya ɗaya ta sace. Kuma aikinta kusan duk na masu naƙuda ne da zamu tura babban asibiti, mai zubar jini ko mai jijjiga, wanda kunsan minti goma a wajensu ba ƙaramin abu bane.

Na tambayi direban yaushe rabon da ayi mata juye, wato canjin baƙin mai, yace ai bata cika kilomitar da bakanike ya rubuta ba tukuna. Babu wani littafi ko takarda da na tarar wanda zai nuna me aka taɓa yi mata. Ni kuma bansan mota ba, bana so in riƙa musu da shi akan abinda ya fini sani, dattijo ne kuma yana da ƙoƙari wlh ko ƙarfe nawa aka kira shi yana zuwa.

To shine nake tambaya, da gaske ne sai ta cika kilomitar? Sannan me ya kamata a riƙa dubawa kullum, wanda ni da kaina zan iya tsayawa in ga anyi? Kuma ku da kuke da irin wannan motar daga ina kuke samun kuɗin gyara? Nagode Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya taya ki riƙo. Motar asibiti na tuƙa har nayi ritaya dan haka bari in faɗa miki abinda na sani. Motar da take ajiye tafi mai yawo saurin lalacewa, wannan kowane direba ya sani. Batir yana zubewa da kansa ko ba'a taɓa shi ba balle a zafin nan namu, taya tana rage iska a hankali, birki yana tsatsa ya kama, ɓera ya shiga cikin inji yayi gida ya cinye waya. Motar haya idan ta fara ciwo direbanta zai ji a ranar saboda yana kanta, ita ambulan ba wanda zai ji sai daren da aka sako mara lafiya. Shi yasa ita dubata ake yi tun kafin ta nuna komai, ba'a fafe gora ranar tafiya.

Yadda muke yi a lokacinmu, da safe kafin ka kunna sai ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, ƙasan da ta kwana zai gaya maka komai, idan kaga ɗigon baƙin mai ko ruwa ko wani mai jaja-jaja to akwai inda yake yoyo. Ita Hiace injinta ƙarƙashin kujerar gaba yake, sai ka ɗaga kujerar ka zaro gejin baƙin mai ka goge ka mayar ka sake zarowa, ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Ka duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi, kar a kuskura a buɗe murfin da zafi. Ka duba man birki. Sai taya, kuma da geji ake aunawa ba da bugun ƙafa ba, harda safaya, dan ita safaya ce aka fi mantawa da ita a ƙarƙashin mota har sai ranar da akayi faci a daji a sauko da ita a tarar babu iska. Jak da wilsifana su zauna a motar kar a bada aronsu ko wa ya roƙa.

Daga nan ka murɗa makulli, fitilun gaban direba duk su kawo sannan su ɗauke idan ta tashi, wacce ta ƙi ɗaukewa magana take maka. Ka saurari kik ɗin, idan yana ja da nauyi batir ya fara gajiya. Ka kunna fitilar gaba da ta baya da sigina da jiniya da fitilar sama da waifa da hon, wani ya tsaya a baya ya duba maka fitilar birki. Duk wannan baya wuce minti goma sha biyar. Kuma 'yata ba sai kin san mota ba, ki samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta a ja layi, kwanan wata, kilomita, yawan mai, abinda aka duba, abinda aka gani, shi ya sa hannu ke ki sa hannu. Dattijon ba zai ji haushi ba idan kika nuna masa littafin kariya ce a gare shi, domin ranar da mota ta tsaya a hanya direba ake fara zagi, amma idan ya rubuta tun tuni cewa batir ya mutu ba'a saya ba to ya fita.

Sauran abu uku. Mai kar ya sauka ƙasa da rabin tanki, an dawo daga kai mara lafiya a cika kafin a ajiye, ba sai dare yayi a tafi neman ɗan bumburutu ba. A riƙa ajiye ta da baya, gabanta na kallon get, kar kowa ya ajiye mota ko babur a gabanta, makulli kuma a san inda yake kwana. Sannan ko babu aiki a fita da ita ko sau ɗaya a sati tayi tafiyar kamar rabin awa akan titi, ba wai a kunna ta a barta a silo ba, tayi gudu ta shiga duk giyoyinta a taka birki, batir ya samu caji.

Kuma ki tsaya tsayin daka akan masu zuwa aro, kai amarya, ɗauko kujerun taro, kai wane tasha. Zasu ji haushinki na ɗan lokaci amma ki daure.

Bakanike Ƙofar Ruwa:

Baba ya gama magana Allah ya ƙara girma. Ni zan amsa ainihin tambayar Hajiya ne. A'a ba sai ta cika kilomita ba. Ƙa'idar juye abu biyu ce, kilomita ko watanni, duk wanda ya riga zuwa. Ga mota mai gas a irin hanyoyinmu na ƙura da zafi, kilomita 5,000 ko wata shida, ko da kilomita dubu ɗaya kacal tayi a wata shidan a zubar da man a canja filta. Dalili shine baƙin mai yana tsufa ko yana zaune, yana jan danshi, ga baƙin hayaƙin gas da yake taruwa a ciki. Kuma ambulan tana da wani aiki da mita bata ƙirgawa, wato tsayuwa a silo a ƙofar asibiti da AC a kunne ana jiran a karɓi mara lafiya, inji na juyawa amma kilomita bata motsi. Wasu kamfanonin mota suna lissafa awa ɗaya a silo kamar tafiyar kilomita 40 zuwa 50 ne. To kinga wanda ya dogara da mita kaɗai yana cutar injin bai sani ba.

Man kuma a saya mai hatimi a wajen dila ko gidan mai, banda na gefen titi da ake aunawa a gora, jabu yayi yawa a kasuwa. A buɗe galan ɗin a gaban direbanku.

Filtar iska lokacin hunturu duk sati a ciro a kakkaɓe, idan za'a hura da iska daga ciki ake hurowa waje, ba'a wanke ta takarda da ruwa, idan ta toshe ko ta yage a canja kawai, dan ƙurar da ta wuce ta ringi take ci. Filtar gas tana da wani ɗan kofi a ƙasa da yake tara ruwa, akwai fitilarsa a gaban direba, a riƙa kwance shi ana tsiyaye ruwan. Ruwa a cikin gas shi ke kashe nozul da injekta famfo kuma gyaransu ba kuɗi kaɗan bane. Wannan ma wani dalili ne na cika tanki da Baba ya faɗa, tankin da babu komai ciki yana yin gumi ya tara ruwa.

Akwai taimin bel, wato bel ɗin cikin inji da yake daidaita motsin bawul da fistin. Idan injinku samfurin 5L ne ana canja shi a kilomita 100,000, amma roba ce, shekaru ma suna cin ta, motar da ta daɗe ko bata kai ba a buɗe a duba. Idan ya tsinke a kan tafiya ba tsayawa kawai zata yi ba, bawul zai haɗu da fistin. Man birki kuma duk shekara biyu ake zubarwa a sa sabo saboda yana shan danshi, ba ƙari kawai ake yi ba, kuma idan kikaga yana raguwa to ko birki ya cinye ko akwai yoyo, a nemo dalilin.

Taya Hajiya nan ne nake so ki sa ido sosai. A jikin kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe sune sati da shekarar da aka yi ta, misali 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC cewa take wa'adin taya shekara huɗu ne daga lokacin da aka yi ta. Tayar ambulan yawanci zanenta baya cinyewa, sai kiga kamar sabuwa, amma ki duba gefenta zaki ga ta tsattsage saboda rana, irinta ce ke fashewa ana cikin gudu da tsakar rana. Kuma Hiace tayar kaya take so mai harafin C, irin 195R15C, kar a sa mata ta ƙaramar mota dan an ga tafi araha, kar kuma a sa 'yar Beljiyam. A kowace mota zan iya yin shiru akan tsohuwar taya banda wannan.

Maganar batir da yake sauka, ina zargin wayarin ne. Sau da yawa masu haɗa jiniya da fitilar sama da inbata suna jona su kai tsaye a kan batirin inji, ko an kashe mota akwai abinda yake shan wuta a hankali. A kira rewaya mai mita ya auna. Batir mai lafiya idan mota na kashe wajen 12.6 yake nunawa, idan tana kunne 13.8 zuwa 14.4, in bai kai haka ba altaneta bata caji. Gyaran gaskiya shine kayan baya su samu nasu batirin daban da abin raba su, ko a ƙalla a sa makunnin da zai yanke su idan an ajiye mota. A wanke kan batir idan yayi farin gari a ɗaure tam.

Duk abinda aka canja kice a kawo miki tsohon ki gani, a rubuta a littafin.

Sista_Karkara:

Kai Alhamdulillah, Baba da Malam bakanike nagode ƙwarai Allah ya biya ku. Na fita na duba tayoyin yanzu da tocilan ɗin waya, duk sun haura shekara huɗun nan nesa ba kusa ba, kuma na gaban ta dama gefenta duk ya tsattsage kamar yadda kace. Wani abu kuma, direban yace min tun tuni aka cire mata wani abu wai shi tamostat saboda kar ta riƙa zafi, kuma ruwan rijiya yake zuba mata a lagireto. Wannan daidai ne?

Tsohon Direba:

'Yata mu dai a zamaninmu cirewa ake yi, ana cewa na ƙasar sanyi ne, kuma munyi tafiye-tafiye da motoci a haka. Amma ruwan rijiya kam ban yarda da shi ba, yana da kanwa da gishiri yana toshe lagireto. Bari masu gyara su faɗi nasu.

Bakanike Ƙofar Ruwa:

Baba da girmanka amma anan zan saɓa maka kaɗan. Gaskiya ne ana cirewa har gobe, kuma mota zata yi tafiya, amma ba dan sanyin Turai kaɗai aka sa shi ba. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi yayi aiki, wajen digiri 80 da ɗoriya. Idan babu shi, da asuba lokacin hunturu injin zai daɗe bai ɗau zafi ba, gas baya ƙonewa duka, yana wanke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, ga shan mai ga hayaƙi. Kuma ambulan daga sanyi ake tashinta a taka ta da ƙarfi nan take, ita tafi kowa buƙatarsa. Idan mota na zafi akwai dalili, ko lagireto ya toshe ko fanka ko fanbel ko murfin lagireto ya saki ko famfon ruwa, cire tamostat ɓoye ciwon ne kawai. A sayo orijina a mayar, a wanke lagireto a zuba kulant na gaske, shi yana hana tsatsa kuma baya saurin tafasa kamar ruwa zalla.

Ɗan Kwana-kwana:

Salam. Duk da tambayar akan ambulan ce bari in sa baki dan ciwon ɗaya ne, kuma wataƙila akwai 'yan uwana ma'aikata da suke karantawa. Mu a wajenmu duk canjin aiki sai wanda zai karɓa ya zagaya motar tare da wanda zai sauka, ba'a karɓar makulli a baki. Motar kashe gobara kamar inji biyu gareta, na tafiya da kuma famfo, kuma zata iya kaiki har wajen gobarar lafiya lau sannan famfo ya ƙi ja, jama'a na kallo gida na ci. Wallahi babu abinda ya kai wannan ciwo a aikinmu, kuma daga nan ne ake fara jifan ma'aikata ana cewa sun zo ba ruwa. Shi yasa kullum sai an saka famfo an ga ya tada ruwa, an duba geji, an buɗe kowane bawul an rufe dan kar ya ƙage. Duk sati a gwada zuƙo ruwa daga rijiya ko kududdufi, dan sau tari ba'a samun famfon kan titi sai dai a zuƙa, kuma ƙaramin yoyon iska a jikin mesar zuƙa ya isa ya hana ruwa hawa. Idan anyi aiki da ruwan kududdufi ko kumfa to a dawo a wanke famfon da ruwa mai kyau a cire yashi daga rariyar, mesa kuma a wanke a shanya ta bushe kafin a naɗe, idan aka naɗe ta da danshi ruɓewa take.

Birkinmu na iska ne. Motar da take yoyon iska idan ta kwana sai an kunna an jira iska ta taru kafin birki ya saki, ana ta kiran waya kai kana zaune kana kallon geji. To duk safiya a duba ko ta riƙe iskarta, a ja zoben ƙarƙashin tankin iska a zubar da ruwan da ya taru. Sannan nauyi, lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, motar da ta ɗau lita 10,000 tan goma take ɗauke da shi dare da rana ko tana tsaye, dan haka sifirin da taya da notin taya basa hutawa. Kuma tankin ruwa a cike ake ajiye shi, rabin tanki yafi haɗari wajen shan kwana saboda ruwan yana tambal-tambal yana jan motar gefe.

Sista shawarata gare ki ɗaya ce, ki sa doka cewa akwai abubuwan da idan aka gansu motar bata fita sai an gyara, birki, sitiyari, taya mai kumburi, fitilar gaba. Ranar da aka ajiye ta dan gyara a sanar da kowa tun da safe a tanadi wata hanyar. A jihohi da yawa na Arewa akwai tsarin direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar dan kai mata masu naƙuda asibiti, ki nemi shugaban tashar garinku ki karɓi lambobinsu ki manna a bangon ɗakin haihuwa, da lambar kiran gaggawa 112 da kuma 122 ta FRSC idan haɗarin hanya ne.

Nas Mai Dare:

'Yar uwa duk sunyi maganar gaban mota, bayan motar kuma namu ne ni da ke, kar ki barwa direba. Tukunyar oksijin a buɗe a duba geji kullum, a saurara ko tana tsiyaya, kuma a ɗaure take da bel a jikin mota ba a kwance tana gangara ba. Ki gargaɗi kowa kar a shafa mata giris ko wani mai a bakin ko a jikin regileta wai dan ta yi laushin murɗawa, mai da oksijin idan suka haɗu wuta ce, ko hannu mai maiƙo kar a taɓa da shi. Gadon turawa a sauke shi a mayar a ga ƙafafun na buɗewa kuma maƙallinsa na ƙasa yana kama shi, dan idan bai kama ba direba na taka birki gadon zai tafi da mara lafiya. Bel ɗin gadon su cika. Na'urar zuƙe majina a kunna a ji tana ja, ambu bag, wato abin matsawa a hura wa mara lafiya numfashi, na manya da na jarirai, fitilar ciki dan wani lokacin a hanya ake haihuwa.

Magani kuma kar a barshi yana kwana a mota. Cikin motar da ke rufe a rana yana wuce zafin waje sosai, oksitosin, allurar tsayar da jini bayan haihuwa, sanyi yake so, idan ya sha zafi zaki yi allura ki ga jini bai tsaya ba. Mu jaka muke haɗawa a ɗakin haihuwa, shi oksitosin a ɗauko shi daga firij lokacin tafiya a saka a ɗan akwatin sanyi, sauran kayan kamar magnesiyam da ruwan ƙari da safar hannu ana duba ranar lalacewarsu duk wata. Bayan kowace tafiya a wanke jini da ruwan bilic a goge a bar ƙofa a buɗe ta sha iska, ruwa kar ya kwanta a ƙasan dan yana cin bodi daga ciki.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum, ni daga Nijar nike kuma aikin likita nike yi a ƙauye. Hajiya tambayarki ta ukku ba wanda ya taɓa ta, maganar kuɗɗi, kuma nan ne motoci ke mutuwa. Wanda ya bada mota ya ɗauki hoto ya tahi, ba shi bada na bidanj, wato juye, ba shi bada na taya. A wurare da yawa nan wajenmu abinda ya taimaka shine ƙarin dala ashirin, wato sefa 100, da ake ɗorawa bisa kuɗin ganin likita, ana tara shi daban dan ɗaukar marasa lahiya zuwa babbar likita, man mota da ɗan gyara daga ciki suke hita, kuma kwamitin gari na sa ido kan asusun. Ba shi isa komi da komi amma ya hi a jira sai mace na zubda jini a ce ma mijinta ya kawo kuɗin gazuwal, wato gas, shi kuma ya tahi neman mai sayen akuya cikin dare.

Ku ma ina jin kuna da kwamitin unguwa, ki zauna da su da mai gari da liman ki kai musu lissahi a rubuce, ga kuɗin juye sau biyu a shekara, ga batir, ga taya huɗu da safaya, a raba bisa wata goma sha biyu kowa ya ga abinda ake nema duk wata. Mutane na badawa in sun ga inda kuɗin ke zuwa.

Mu Land Cruiser muka hi aiki da ita sabili da rairayi. Ga masu irinta, ko ba'a buƙata a riƙa saka giyar taya huɗu sau guda a wata a ɗan yi tahiya dan mai ya zagaya, in ba haka ba ranar da aka kahe cikin rairayi ko laka zata ƙi shiga. In an rage iskar taya dan rairayi a maida ta kahin a hau kwalta. Da damina kuma in an ratsa ruwa mai zurhi a duba man aksul da na giya, in ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, a zubda shi.

Sista_Karkara:

Malam na Maraɗi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Eh muna da kwamitin ci gaban mazaɓa, shugabansu ma yana cikin masu sa hannu a asusun asibitin, kuma muna cikin masu samun kuɗin BHCPF, asusun tallafa wa lafiya matakin farko ɗin nan da dokar lafiya ta 2014 ta kawo, duk da ba yawa gare shi ba kuma abubuwan da ke jiransa sun fi shi yawa. Zan saka sabis ɗin motar cikin tsarin kashe kuɗinmu na wata uku in kai hukumar lafiya matakin farko in ga ko zasu amince, taya kuma in kai maganar gaban kwamiti dan tafi ƙarfin asusun, kunsan yadda kayan mota suka yi tsada tun faɗuwar Naira a 2023. Malam bakanike idan kuɗin bai isa ayi duka lokaci ɗaya ba wanne zan fara?

Bakanike Ƙofar Ruwa:

Hajiya fara da abinda zai iya kashe mutum, sannan abinda zai hana ta tashi, sannan abinda zai kashe inji. Wato taya da birki tukuna. Idan biyu kawai za'a iya saya yanzu a saya biyu iri ɗaya, a cire wacce ta tsattsage ɗin nan da wacce ta fi muni a cikin sauran, amma ki sani sauran ma sun tsufa, direba ya rage gudu musamman da rana har a cike su, kuma kar a wuce wata mai zuwa idan da hali. Ranar da aka cire tayoyin a duba birkin gaba da na baya gaba ɗaya tunda an riga an ɗaga motar, aiki ɗaya kenan. Bayan nan rewaya ya nemo abinda ke shan wuta kafin a sayi sabon batir, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon. Juye da filtoci da tamostat da kulant basu kai waɗancan tsada ba ana iya haɗa su rana ɗaya, sai ki sa bakaniken ya buɗe murfin taimin bel ya duba a ranar. Ki turo min hoton lambar injin da ke jikin farantin motar in gaya miki ko 5L ce ko 2KD dan kar a sayo muku filtar da ba tata ba.